Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciwon Da Ke Mayar Da Na Gida Baƙo

Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Karin magana ne da aka saba jefa wa mai kwaikwayo, ko kuwa wanda ya hangi mutum a kasuwa ya zaci ɗan'uwansa ne, ya bi shi da sassarfa, sai da ya dafa kafaɗarsa sa'an nan ya ga ashe baƙo ne. A irin wannan wuri maganar daidai take, iyakarta a yi dariya, a ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. To amma akwai wani ciwo na ƙwaƙwalwa wanda yakan sa mutum ya ɗauki wannan magana ya ɗora ta a kan uwar da ta haife shi, ko a kan matar da suka shekara talatin tare. Zai dube ta tsaf, ya yarda cewa fuskar ita ce, tsagar ita ce, har wushiryar ma ita ce, sa'an nan ya ce duk da haka wannan ba ita ba ce, wata ce aka kawo a madadinta, ta ainihin kuwa an ɓoye ta ko an kashe ta. Likitoci suna kiran wannan hali da sunan wani likitan Faransa, Joseph Capgras. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, mai irin wannan magana majinyaci ne, ciwonsa yana da mazauni sananne a cikin kai, yana kuma da magani ko aƙalla sassauci, kuma yawancin abin da dangi sukan yi masa da niyyar alheri ƙara masa ciwon yake yi.

A ɗauka ga wani dattijo wanda ya haura saba'in, ya daɗe yana 'yan mantuwa, wani lokaci yakan ce ya ga yara suna wasa a ɗakinsa alhali ba kowa. Ran nan uwargidansa ta kawo masa tuwon dare kamar kullum, sai ya janye ƙafarsa ya ce, "Baiwar Allah, daga ina? Ina mai ɗakin nan ta tafi?" Ta ce, "Haba Malam, ni ce fa." Ya ce, "Na ga kamar, amma ba ke ba ce." Daga nan ya ƙi cin abin da ta dafa, ya soma kulle ƙofa da dare, yana tambayar 'ya'yansa nawa aka biya su suka sayar da uwarsu. Mai karatu da ya tashi a gidan Hausa ya riga ya san abin da zai biyo baya. Dangin uwargida za su ce farraƙu aka yi, kuma ba sai an faɗi wadda ake zargi ba, tun da akwai amarya a gidan. Wasu za su ce ƙiyayya ce da ya daɗe yana ɓoyewa, tsufa ya tone ta. Idan kuwa saurayi ne ya ce wa mahaifiyarsa ba ita ce ta haife shi ba, to abin ya fi muni, domin za a lissafa shi cikin saɓa wa iyaye, mai yiwuwa ma uwar ta yi masa baki cikin zafin rai. Kafin wani ya ambaci asibiti an riga an ɓata zumunci tsakanin ɗakuna biyu, an kashe kuɗi wajen masu duba, an kuma bar ciwon yana cin gabansa.

A shekarar 1923 ne Capgras da abokin aikinsa Jean Reboul-Lachaux suka wallafa labarin wata mata 'yar birnin Paris wadda suka sakaya sunanta da Madam M. Matar nan ta haƙiƙance cewa an kawar da mijinta an sa wani mai kama da shi, shi ma wannan an sake musanya shi da wani, har ta ƙirga irin waɗannan mazaje fiye da 80. Haka ta ce game da 'yarta, da 'yan sanda, da ma'aikatan asibitin da aka kwantar da ita. Abin lura a cikin rubutun nasu shi ne, tun a lokacin sun gane cewa idon matar lafiya lau yake, ba gani ne ya lalace ba. Sun ce hukuncin da take yankewa daga zuci yake tasowa, watau tana ganin kama amma ba ta jin sabo. Wannan fahimta ce mai kaifi ƙwarai, sai dai ba a bi ta ba. Shekara guda bayan haka, a 1924, Capgras da kansa ya karkata zuwa tafarkin Sigmund Freud, wanda yake tashe a zamanin, aka shiga fassara ciwon da cewa wai so da ƙi ne suka haɗu a zuciyar majinyaci game da mutum guda, ya kasa ɗaukar su tare, sai ya raba mutumin biyu, ya so na ɓoye ya ƙi na fili. Wannan bayani ya yi shekaru kusan hamsin yana sarauta a littattafan likitoci. Wanda ya dube shi da kyau zai ga bai bambanta da tsegumin zaure ba, inda ake cewa dama can ba ya son ta. Illarsa kuma ɗaya ce, domin yana jibga laifin a kan aure ko a kan tarbiyya, ya bar matar da aka ƙi tana binciken kanta a kan laifin da ba ta yi ba.

Abin da ya rushe wannan bayani shi ne majinyatan da ba su taɓa samun saɓani da iyalinsu ba sai bayan da suka bugu a kai. A 1979 wasu masana uku a Amurka, Alexander da Stuss da Benson, suka ba da labarin wani magidanci da ya yi haɗarin mota ya ji rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa, musamman wajen dama. Da ya koma gida sai ya ce iyalin da ya tarar ba nasa ba ne, wasu ne masu kama da su, matar sunanta ɗaya da na tasa, yaran ma adadinsu ɗaya. Da likita ya tambaye shi yadda zai ji in wani ne ya ba shi irin wannan labari, ya amsa cewa lalle zai yi wuyar gaskatawa. Duk da haka bai janye ba. Ke nan hankalinsa bai gushe gaba ɗaya ba, ya san maganar ba ta shiga kunne, amma akwai wani abu a jikinsa da ya fi wannan sani ƙarfi.

Gani, Ganewa, Da Sabo

A nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa, domin Hausa ta riga ta rarrabe abubuwan da masana ƙwaƙwalwa suka sha wahala kafin su rarrabe. Gani daban, ganewa daban. Mutum yakan ce, "Na gan shi amma ban gane shi ba." Shaidawa ma daban take, ita ce a tabbatar da cewa wane ne ba wani ba, kamar yadda ake shaida gawa ko a shaida dabbar da ta ɓata. Sa'an nan ga sabo, wanda ba a ido yake ba sam. Sabo shi ne ɗan sanyin da ke sauka a ƙirji idan ɗan makarantar kwana ya sauka daga mota ya hangi mahaifiyarsa a ƙofar gida, tun kafin ya ce a ransa ga Inna nan. Mutum ba ya lura da wannan motsi domin kullum yana zuwa tare da ganewa, kamar yadda ba a lura da gishiri a miya sai ranar da aka manta da shi.

Akwai wani ciwo da za a iya kira makantar fuska, wanda likitan Jamus Joachim Bodamer ya raɗa wa suna a 1947. Mai shi yana ganin ido da hanci da baki, amma ba ya iya haɗa su ya ce wane ne, ko da matarsa ce, sai ta yi magana ko ya ga tafiyarta. A 1984 wani masani a Amurka, Russell Bauer, ya gwada wani mai wannan ciwo da na'urar da ke auna ɗan gumin da fata take fitarwa idan zuciya ta motsa, irin wanda mutum da kansa ba ya ji. Aka riƙa nuna masa fuskokin mutanen da ya sani ana karanto sunaye. Bakinsa ya kasa zaɓen sunan da ya dace, amma fatarsa takan amsa idan aka zo kan sunan gaskiya. Watau ganewa ta mutu, sabo yana nan da ransa. Wannan ya nuna cewa saƙon fuska hanya biyu yake bi a ƙwaƙwalwa, ɗaya ta kai shi inda ake cewa wane ne, ɗaya ta kai shi inda ake jin cewa nawa ne.

Daga nan ne wasu masana biyu na Birtaniya, Hadyn Ellis da Andrew Young, suka yi tunani a 1990 cewa in har hanya ta farko tana iya yankewa ta bar ta biyu, to ta biyun ma tana iya yankewa ta bar ta farko, kuma abin da zai fito shi ne ciwon Capgras. Majinyaci zai gane fuskar sarai, amma sanyin nan da ya saba ji ba zai sauka ba. Suka yi hasashen cewa in aka auna fatar irin waɗannan majinyata ba za ta bambanta fuskar sani da ta baƙo ba. A 1997 suka gwada mutum biyar, abin kuwa ya fito yadda suka faɗa. A wannan shekara dai, William Hirstein da V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka wallafa labarin wani saurayi da ya yi haɗarin mota ya yi makonni a sume. Da ya farfaɗo hankalinsa ya dawo, yana hira yana karatu, sai dai ya ce iyayensa ba su ba ne. Abin mamaki, idan mahaifin ya fita ya bugo masa waya, nan take yakan amsa masa a matsayin uba ba tare da wata tantama ba. Hanyar da ta taso daga kunne zuwa sabo ba ta yanke ba, ta ido ce kaɗai ta yanke. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga wannan saurayi fuska tana nan tana ba da labarinta, zuciyar ce ta daina amsawa.

Idan aka fahimci haka, maganar majinyacin za ta daina zama shirme tsantsa. Mutum ne da ya dubi matarsa ya ji abin da yakan ji idan ya dubi baƙuwa, abin da bai taɓa faruwa gare shi ba tun da aka ɗaura musu aure, sai ya nemi dalili. Dalilin da ya samu kuskure ne, amma abin da ya ji gaskiya ne. Ya kamata a lura kuma cewa ciwon ya fi kama na kusa, saboda a wurinsu ne rashin sabo yake bayyana. Ba wanda zai damu don ya ga mai sayar da goro na bakin titi bai ji komai ba. Saboda haka uwargidan da aka ƙi, in za ta iya ɗaukar maganar, ƙin nan shaida ce ta matsayinta, tun da ita ce wadda ya kamata ganinta ya motsa shi.

Gaskiya ce bayanin bai ƙare a nan ba, kuma bai kamata a yi masa ado fiye da kima ba. A 1995 Daniel Tranel da Hanna da Antonio Damasio sun nuna cewa akwai masu rauni a ƙasan gaban ƙwaƙwalwa waɗanda su ma fatarsu ba ta amsa fuskar sani, amma ba su taɓa cewa an musanya kowa ba. Mutum mai cikakkiyar lafiya in ya ji baƙunta game da matarsa zai ce, "Yau ina jin wani iri," ba zai ce an sace ta ba. Wannan ya sa Max Coltheart da abokan aikinsa a Ostareliya suka ce tilas sai abu biyu sun haɗu, yankewar sabo da kuma raunin alƙalin cikin kai, watau sashen da ke auna zato ya yar da wanda bai kama hankali ba, wanda suke danganta shi da gaban ƙwaƙwalwa na wajen dama. Har ila yau an sami makafi masu wannan ciwo, waɗanda murya ce suke cewa an musanya, an kuma sami masu cewa karensu ko gidansu ko kayan ɗakinsu aka sauya da masu kama da su. Saboda haka dabarar waya ba ga kowa take aiki ba. Amma duk gardamar da ta rage tsakanin masana a kan yadda abin yake ne a cikin ƙwaƙwalwa, ba wanda ya koma yana neman dalilin a cikin zaman aure.

Kowane majinyaci da kayan garinsu yake gina bayaninsa. Matar Paris ta ce ƙungiyar maƙiya ce take sace mutane tana kawo masu kama da su. A ƙasashen Turai da Amurka na wannan zamani akan ji mai cewa mutum-mutumi ne na inji aka sa wa fatar ɗan Adam. Ɗan ƙasar Hausa kuwa ba sai ya je nesa ba, tun yana yaro ya ji tatsuniyar dodon da ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinya mai ruwan ido, ya kuma ji cewa aljani yana iya shigowa cikin kamar mutum. A nan ne haɗarin yake ninkuwa. A Paris in mace ta ce mijinta ba shi ba ne, ba wanda zai tsaya ya duba mijin. A inda aka yarda da rikiɗa kuwa, maganar majinyaci tana iya samun masu saurare, har a koma ana kallon wadda aka ƙi da wani ido, a ce tun da Malam ya faɗa akwai abin da ya gani. Wannan ba suka ba ce ga imanin kowa, addu'a kuma ba ta taɓa hana shan magani ba. Abin da ake nema kawai shi ne, kafin a yanke cewa iska ce ko sammu ne, a tambayi abubuwan da kowa yake iya tambaya: ya taɓa buguwa a kai, yana farfaɗiya, ya soma mantuwa, ta haihu kwanan nan, yana shan ƙwaya, ya yi zazzaɓi mai zafi?

Magani

Ciwon Capgras alama ce, kamar yadda tari yake alama, maganinsa kuwa yana bin abin da ya haddasa shi. A wajen matasa ya fi zuwa tare da taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya, ko matsanancin ciwon damuwa, ko rikicewar da kan sami wasu mata cikin jego. Wannan na ƙarshe yana bukatar gaggawa, domin mai jegon da ta ce jaririn nan ba nata ba ne an musanya shi tana iya ƙin shayar da shi ko ta cutar da shi. A wajen tsofaffi ya fi zuwa tare da ciwon mantuwa. Wani nazari da Keith Josephs ya wallafa a 2007 daga asibitin Mayo na Amurka ya duba majinyata 47, ya tarar 38 daga cikinsu suna da ciwon da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mafi yawansu irin wanda ake dangantawa da sunan Lewy. Ban da waɗannan akwai bugu a kai, da shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da ƙwayoyin maye, da gigitar zazzaɓi. Wasu daga cikin waɗannan da zarar an magance tushen sai ruɗun ya tafi ɗungurungum. Wannan kaɗai ya isa hujjar a kai mutum asibiti da wuri.

Idan taɓin hankali ne tushen, akwai magungunan da ke kwantar da ruɗu, irin su risperidone da olanzapine, waɗanda kakansu, chlorpromazine, a wani asibitin Paris aka fara gwada shi ga masu taɓin hankali a 1952. Sukan yi aiki ga mutane da dama, ko da yake sai an yi makonni ana sha, kuma ba a yanke su da ka. Amma akwai gargaɗi mai nauyi game da dattijon da aka kwatanta a baya, mai mantuwa da gane-gane, musamman in jikinsa ya soma sandarewa ko tafiyarsa ta zama ta jan ƙafa, hankalinsa kuma yana zuwa yana komawa cikin yini guda. Waɗannan alamun ciwon Lewy ne, masu shi kuwa jikinsu ba ya jure irin magungunan nan, musamman tsofaffin cikinsu kamar haloperidol da Largactil. Suna iya sandarar da tsoho, su jefa shi cikin suma, har su yi ajalinsa. Ga irin wannan majinyaci likitoci sukan fara da wasu magunguna dabam, donepezil ko rivastigmine. Saboda haka al'adar nan ta aika yaro kemis a ce a ba da maganin da zai kwantar da Baba ya yi barci, ganganci ne da rai.

Batun haɗari ma sai an faɗe shi ba tare da ƙari ba. Yawancin masu wannan ciwo ba sa taɓa kowa, wasu ma sukan zauna da wanda suke kira baƙo cikin ladabi, suna dai tambayar ina nasu yake. Amma an sami waɗanda suka kai farmaki, har da kisa, kuma dalilin a fili yake, domin mutumin da ya tabbata cewa wanda ya sace matarsa yana kwana a ɗakinta ba zai ga laifin ɗaukar makami ba. Idan majinyaci ya soma cewa baƙon zai kashe shi, ko ya sa masa guba, ko ya fara ɓoye wuƙa ƙarƙashin matashi, to a raba musu makwanci a ranar, a kawar da makamai, a nemi likita. Ɗaure shi da mari ba ya cikin wannan shawara. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Nijeriya, a gidajen gwamnati da na addini da na gargajiya. Ga mai ciwon Capgras ɗauri ba abin da yake yi sai tabbatar masa da zatonsa, gama zai ce uwarsa ta gaskiya ba za ta sa masa sarƙa ba.

Abin da ya fi wuya ga dangi shi ne barin gardama. Dabi'a ce a ɗauko hoton biki, a kira maƙwabta su shaida, a nuna masa tabon da ke hannunta, a sa ta faɗi abin da ba wanda ya sani sai su biyu. Duk wannan aikin banza ne, tun da bai taɓa musun kama ba. Iyakar abin da zai ce shi ne lalle an koya mata da kyau. Yaudara ma ba ta ɗorewa. Ramachandran ya ba da labarin yadda mahaifin saurayin nan ya shiga ɗakinsa wata rana ya ce masa mayaudarin ya tafi, an kora shi ƙasar Sin, yanzu uban gaskiya ne ya dawo. Yaron ya karɓa, amma bayan kamar mako guda ya ce mayaudarin ya komo. Abin da ya fi amfani ya fi waɗannan sauƙi. Ta yi sallama tun daga waje, ta yi magana kafin ya ga fuskarta, domin murya ta riga ido isa. A wannan gaɓa al'adar Hausa ta sallama kafin shiga ɗaki ta zama magani da kanta. In ya ƙi ta, ta fita ba tare da jayayya ba, ta dawo bayan ɗan lokaci, domin ruɗun yakan zo ya tafi, musamman ga tsofaffi, kuma ya fi tsanani da almuru da lokacin gajiya. In ya tambayi ina matarsa, ba sai an ce masa ga ta ba, ba kuma sai an ce ta tafi ba, ana iya cewa, "Tana lafiya, Baba, kana kewarta ne?" In ya ƙi abinci daga hannunta, wani ya miƙa masa. Ba a rasa komai ba don jika ne ya kai kwanon.

Akwai kuma abin da ya shafi shari'a, wanda ya kamata malamai da alƙalai su sani. Matar da ta haƙiƙance cewa wannan ba mijinta ba ne za ta rufe jikinta a gabansa, ta hana shi ɗakinta. Wanda bai sani ba zai kira wannan tawaye ga miji, alhali a iyakar saninta mutuncin aurenta take karewa daga baƙon namiji. Tilasta mata zalunci ne. Haka nan mijin da ya kori matarsa cikin wannan hali, malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da furucinsa, sakinsa ma ba ya aukuwa. Wahalar ita ce mai ciwon Capgras sau da yawa ba ya kama da mahaukacin da aka sani, yana salla a kan lokaci, yana lissafin kuɗinsa daidai, ruɗunsa a kan abu ɗaya ya tsaya. Alƙalin da ya ji mutum yana cewa wannan ba matata ba ce, kama ce kawai, ya dace ya dakatar da hukunci ya nemi bayanin likita.

Ba a musun cewa likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Nijeriya, 'yan ɗaruruwa ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma asibitocinsu a Arewa, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, sun yi wa mutanen ƙauye nisa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci a takarda, amma takarda ba ta jinya. Nauyin a kan dangi zai ci gaba da zama. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci yake sauka a gidan mutanen gari tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Sai dai wannan ciwo ya zo da wata ƙulalliya ta kansa, gama ɗan'uwan da ya fi kowa cancantar jinya shi ne wanda majinyacin ya ƙi. Saboda haka tilas sauran dangi su karɓe ta lokaci lokaci, su kuma tuna cewa matar da take wanke wa mutum tufafi yana kiran ta baƙuwa ita ma tana bukatar mai tambayar lafiyarta.

Dangi kuwa ba za su kai asibiti abin da ba su da sunansa ba. Muddin kalmar da ake da ita ita ce hauka, za a yi ta ɓoyewa, domin ba mai son a ce akwai hauka a gidansu, ga 'yan mata ba a aurar ba. Sunan Capgras ba zai zauna a bakin Bahaushe ba, kuma ko ya zauna ba ya bayyana komai. Nan ne aikin sashen Hausa yake, tare da likitoci da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo. Ana iya cewa ruɗun musanya, wanda ya fi kusa da ma'anar likitoci kuma zai dace da littafi. Ana kuma iya cewa ciwon kama-da-wane, wanda ya fi sauƙin kamawa, tun da duk wanda ya ji rabin karin maganar zai ƙarasa sauran da kansa. Mai suka zai ce suna na biyun yana da ɗan kamar wasa, kuma yara za su iya mayar da shi abin tsokana. Sukar tana da ƙarfi, amma an riga an ga yadda sunaye irin su hawan jini da ciwon suga suka sa tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba suke zuwa awo da ƙafarsu, suna kuma faɗin ciwonsu a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba.